Idan bindiga na kanka, ran maƙwabcinka ya yi araha?



Kwanakin baya, bayan mun tashi karatun dare, wani bawan Allah ya tsaya a bakin masallaci yana ta gyaran takalmi har kowa ya watse. Na gane ba takalmin ne ya tsaida shi ba. Mutumin wani ƙauye ne a yankin Babban Duhu, ƙaramar hukumar Safana, yanzu shi da mutanen ƙauyensu suna zaman gudun hijira a cikin gari. Ya yarda in ba da labarinshi a nan, matuƙar ban ambaci sunanshi ko na ƙauyen ba.

Ya ce cikin dare suka ji ƙugin mashina, kafin ya ɗauko yara su faɗa gona har an ɓalle ƙyauren zaurenshi. Aka durƙusar da shi gaban matarshi da ɗiyanshi, aka ɗora mashi bakin bindiga a ƙeya. Tambaya ɗaya suka yi mashi: ina gidan wanda ya saida shanu ranar kasuwa? Ya ce, “Malam, wallahi ban buɗe baki ba. Hannu kawai na ɗaga.” Suka tafi da maƙwabcin nashi. Dangi suna kan haɗa kuɗin fansa saƙo ya zo cewa ya rasu a daji. Yanzu kullum sahu ɗaya suke sallah da babban ɗan mamacin, yaron kuma Baba yake ce mashi. Ban da matarshi ba wanda ya san hannun wa aka bi.

Sai ya ce, “Malam, ni na kashe shi?”

Na san abin da ke cikin littafi a kan wanda aka tilasta. Amma na kasa karanto mashi shi a tsaye a bakin masallaci kamar mai karanta lissafin kasuwa. Na ce ya ba ni mako guda.

A cikin makon nan ne ɗan ƙanena, wanda ke karatun adabin Turanci a jami'a, ya zo hutu. Da na ba shi mas'alar ba tare da suna ba, sai ya ce ai irin wannan akwai ta a wani littafi da aka sa su nazari, kuma an mai da shi fim fiye da sau ɗaya. Ya karanta mani wuraren da suka dace, ya nuna mani finafinan a kwamfutarshi. Na san akwai waɗanda za su ce, au, yau kuma Malam kallon fim ya koma? To na kalla, kuma ba talla nake wa kowa ba. Na ga mutanen da ba su san dajin Rugu ba sun shafe sama da shekara ɗari suna jujjuya tambayar mutumin nan, kowane zamani da yadda yake kauce mata ko ya tunkare ta, shi ya sa na ce bari mu duba tare.

Sunan littafin The War of the Worlds, wato yaƙin duniyoyi. Wani Bature ɗan Ingila, H. G. Wells, ya rubuta shi, ya fito a 1898. Labarin ƙirƙira ne: wasu halittu daga duniyar Mars suka sauka kusa da garin Woking, kudu maso yammacin Landan, suka haɗa manyan na'urori masu ƙafa uku da ke harba wani zafi mai ƙone duk abin da ya taɓa. Sojan Ingila, wanda a lokacin duniya ke shakka, ya zama abin wasa a gabansu. Mutanen Landan suka cika hanyoyi suna gudu suna tattake juna. A ƙarshe ba bindiga ce ta kashe baƙin ba. Ƙwayoyin cutar da jikin ɗan Adam ya saba da su, su ne suka gama da su.

Wells ya san abin da yake yi. Tun a babin farko ya tuna wa mutanensa yadda Turawa suka ƙarar da 'yan asalin tsibirin Tasmaniya, ya nuna masu cewa ba su da bakin kukan rashin imanin baƙi. Mu kam ba sai an ƙirƙiro mana wannan labari ba. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, a 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. A Fabrairun 1903 Kano ta faɗa hannun sojan Lugard, a Maris Sakkwato ta bi, mahaya dawaki da masu a gaban bindiga mai ruwan harsashi. Abin da mai karatu a Landan ke jin tsoronsa a takarda, kakanninmu sun gan shi da ido. Amma ba wannan ne ya kawo ni yau ba.

Wurin da ya tsaya mani a rai yana tsakiyar littafin. Mai ba da labarin, wanda ba a faɗi sunanshi ba, ya haɗu a hanyar gudu da wani ƙaramin limamin coci. Suka ɓuya a wani gida, sai ɗaya daga cikin kumbunan baƙin ya faɗo ya rushe gidan a kansu. Suka maƙale a ɗakin girki, maƙiya na aiki a bayan bango, motsi kaɗan ya isa a ji su. Kwanaki suna tafiya, abinci na ƙarewa, suka fara kokawa a kan loma. Limamin ya zauce. Ya fara ɗaga murya yana sambatun cewa azaba ce ta sauka kuma dole ya fita ya yi shela. Mai labarin ya bi shi da addar saran nama, a daƙiƙar ƙarshe ya juya kaifin ya buge shi da ƙota, ya faɗi sumamme. Amma an riga an ji. Wani dogon hannun ƙarfe ya leƙo ya ja limamin ya tafi da shi, shi kuma ya shige ɗakin gawayi ya lafe. Bayan kimanin kwana 15 a wurin ya fito da ranshi.

Ku lura, Wells bai wanke mutumin ba, bai kuma tsine mashi ba. Ya bar shi ya faɗi abin da ya yi da bakinshi, bai ɓoye ba, yana neman wanda bai taɓa shiga irin wannan duhu ba ya yi a hankali da hukunci. Da ɗan ƙanena ya kai nan, fuskar mutumin Babban Duhu ce ta faɗo mani.

To yaya masu fim suka yi da wannan wuri?

Fim na farko da ya yi suna ya fito a Amurka a 1953, George Pal ya shirya, Byron Haskin ya ba da umarni. Suka ɗauke labarin daga Ingila suka kai shi jihar Kalifoniya. Shekara takwas kenan da jefa bam a Hiroshima, ana tsakiyar zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet, don haka har bam ɗin nukiliya aka jefa wa baƙin a fim ɗin, ko gezau. Limamin coci yana nan, amma an sāke mashi hali gaba ɗaya. Ya zama dattijo mai natsuwa, Fasto Collins, wanda ya tunkari na'urorin shi kaɗai riƙe da littafinshi yana addu'a, da fatan a yi magana, suka ƙone shi nan take. Gidan da ya rushe ma yana nan, amma waɗanda suka ɓuya a ciki wani masanin kimiyya ne, Dakta Forrester, da wata budurwa, Sylvia. Ba rigimar abinci, ba wanda ya zauce ya zama barazana ga ɗan'uwansa. Gatarin da aka ɗaga, kan idon na'urar baƙin ya sauka. A ƙarshe mutane sun cika coci-coci a Los Angeles suna addu'a, sai na'urorin suka fara faɗuwa.

Wato an cire tambayar ɗungurungum. Akwai dai wurin da 'yan gudu suka yi wawar motocin masana suka farfasa kayan aikinsu, amma taron da ba shi da fuska ne ya yi wannan, ba jarumi ba. Jarumi hannunshi tas. Na fahimci dalili: ƙasar da ke tsoron maƙiyi na waje tana son a ce mata mu nagari ne, su ne miyagu, Allah kuma yana tare da mu. Daɗin ji gare shi. Mu ma muna da irin wannan fim ɗin, a baki muke shirya shi. Duk wanda ya dawo daga daji, ko ya tsira daga hari, labarin da ake so a ji daga gare shi na jarumta ne da karɓuwar addu'a. Ba mai son jin cewa ya rufe ƙofa yana jin muryar wanda ya sani tana roƙon a buɗe.

Na biyu shi ne na Steven Spielberg, 2005, shekara huɗu bayan harin 11 ga Satumba. Tom Cruise ya fito a matsayin Ray, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, wanda aurenshi ya mutu, ba shi da wani kirki wajen kula da 'ya'ya. Shi ba ceton duniya ya sa gaba ba, burinshi ya kai ɗanshi da 'yarshi Boston wajen uwarsu. A wannan fim na'urorin ba daga sama suka faɗo ba, suna binne a ƙarƙashin ƙasa tun tuni, a ƙarƙashin titin da mutane ke bi kullum. Wannan canjin ya yi mani kama da namu fiye da na 1953.

Spielberg bai gudu daga ɗakin ɓuyan ba, ƙara mashi nauyi ma ya yi. Wani mutum mai suna Ogilvy ya kira Ray da 'yarshi Rachel ya ba su mafaka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan gona. Ku riƙe wannan: shi ya buɗe masu ƙofa. Da ya leƙa ya ga baƙin suna zuƙe jinin mutane, sai kanshi ya juye, ya kama haƙa rami yana ihu. Ray ya yi mashi magana, ya ƙi ji. Sai Ray ya ɗaure wa 'yarshi idanu da ƙyalle, ya ce ta toshe kunne ta yi ta rera waƙar reno, ya shiga inda mutumin yake ya ja ƙofa. Ba a nuna abin da ya faru ba. Ya fito shi kaɗai, ya zauna a matakala kamar wanda aka zare wa laka.

A littafi bugun firgici ne, da ƙota. A nan kisa ne da aka yi shiri aka yi. An kuma sa yarinya ƙarama a tsakiya don mai kallo ya ce a ranshi, ni ma da haka zan yi. Wallahi ni ma na ji hakan ya ɗarsu mani. Amma ku dubi abin da ya biyo baya, wanda masu kallo da yawa ke mantawa. Bayan kisan, uba da 'ya suka yi barci, na'urar leƙen baƙin ta dawo ta gan su, yarinyar ta ruga waje, aka kama ta. Shirun da ya saya da ran mutum bai kai safiya ba. Ya tsira da ita daga baya ta wata hanya dabam, kuma ba a daɗe ba baƙin suka fara mutuwa da kansu. A littafin ma haka ne, 'yan kwanaki ne tsakanin tafiyar limamin da mutuwar maƙiyan.

Akwai kuma wani na 2025 da Ice Cube ya fito, wanda aka saki a Prime Video, duk labarin ta fuskar kwamfuta ake ganinshi, jarumin na zaune a ofis yana kallon duniya na ƙonewa. Masu sharhi sun yi mashi ca, kuma sun yi gaskiya. Sai dai na ce wa yaron, wannan ai mu ne, mu da ke Kano da Abuja da cikin Katsina muna kallon gawarwakin Batsari a waya muna rubuta Allah ya kyauta.

Inda kwatancen nan ya gaza, dole in faɗa. Baƙin Wells ba mutane ba ne. Ba a magana da su, waɗanda suka tunkare su da farar tuta, a littafi da fim ɗin 1953, toka suka zama. Namu mutane ne, masu hankali, za a tashe su a yi masu hisabi, ƙofar tuba kuma ba ta rufe masu ba. Har sulhu an zauna da su, Gwamna Masari ya yi a 2019 ya wargaje, a 2025 ma an sāke zama a Batsari da Jibiya da Safana. Waɗanda suka kashe manoma 18 a 'Yargamji a Mayun 2019, da waɗanda suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ranar 14 ga Fabrairun 2020, ba daga wata duniya suka sauko ba. Sun san ranar kasuwa. Sun san wa ya saida sa, wa ɗanshi ya turo kuɗi daga Legas. Da gwamnati ta yanke sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 a Satumban 2021, har da Batsari da Safana, ai ta yarda kenan cewa labari daga cikin gari yake fita. Shi ya sa tambayar ɗakin ɓuya ta fi tsanani a wajenmu. Ba shiru kawai ake nema daga gare ka ba, tambayarka ake yi ina wane.

To me malamanmu suka ce?

Shari'a ta san tsoro, ba ta raina shi ba. Mai yunwar da zai halaka an halatta mashi mushe. Ammar ɗan Yasir, Allah ya ƙara masu yarda, da azaba ta kai mashi maƙura ya furta abin da mushrikai ke so, zuciyarshi na kan imani, kuma ba a kama shi da laifi ba. Malaman tafsiri suna kawo labarinshi a ƙarƙashin aya ta 106 a Suratun Nahli. Ka ga har kalmar kafirci an yi rangwame a kanta. Amma a tafsirin wannan ayar dai Imam Ƙurɗubi ya kawo ijma'in cewa wanda aka tilasta ya kashe wani, bai halatta ya kashe ba, ko da shi za a kashe. Dalilin a fili yake: duk sauran rangwamen, haƙƙin Allah ne aka sassauta don ranka ya tsira. Nan kuwa rai ne da rai, kuma ba ka da wata hujja cewa naka ya fi nashi tsada. Saɓanin da aka yi a kan kisasi ne. Imam Malik yana ganin a kashe wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duka, Imam Abu Hanifa ya ce wanda ya tilasta kaɗai. Ba wanda ya ce aikin ya halatta.

Wani zai ce, to idan ba rai da rai ba ne fa, idan ɗaya ne da goma? Imam Gazali ya taɓo wannan a littafinsa Al-Mustasfa. Ya kawo misalin jirgin ruwa da zai nutse sai an jefa mutum ɗaya, ya ce bai halatta a jefa shi ba, ko da ƙuri'a. Ya kuma sa sharaɗi masu tsauri kafin a yi irin wannan lissafi, daga ciki har da cewa amfanin ya zama tabbas ne, ba zato ba. Wannan sharaɗin ne fim ɗin Spielberg ya nuna ba tare da ya sani ba. Mai firgici gani yake ya san abin da zai faru nan da minti biyar. Bai sani ba. Ray ya tabbata cewa idan Ogilvy ya yi shiru sun tsira, ba su tsira ba. Tsoro yana zuwa da yaƙini na ƙarya, kuma a kan wannan yaƙinin ake yanke hukuncin da ba ya warwaruwa.

Ba zan ɓoye maku wahalar da ke ciki ba. Mai hankali zai iya cewa Ogilvy ba bayin Allah da ke gefe ba ne, shi ne ke jawo halaka, kuma shari'a ta yarda ka tunkuɗe wanda zai cutar da kai ko da mahaukaci ne. Haka ne. Amma ƙa'idar tunkuɗewa ita ce a fara da mafi sauƙi: magana, riƙewa, ɗaurewa, toshe baki, barin wurin. Mai labarin Wells da ya juya kaifin adda ya fi kusa da wannan ƙa'ida fiye da Ray da ya shiga ya ja ƙofa. Tsakanin kaifi da ƙota tazarar juya hannu ce kawai, amma a ma'auni tana da nisa.

Kuma kar mu yi kamar Ray baƙo ne a ƙasarmu. Sau nawa aka tare mutum a kasuwa ko a hanya aka kashe shi don an ce infoma ne, ko don kawai Bafulatani ne, ba shaida, ba alƙali? Waɗanda suka yi, da yawansu ba 'yan iska ba ne, iyaye ne da aka kashe wa 'ya'ya, aka ƙone wa rumbu. Suna ganin sun rufe wata ƙofar cuta. Sai a wayi gari dangin wanda aka kashe sun shiga daji, harin ramuwa ya faɗa kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba. Ƙyallen da Ray ya ɗaura wa 'yarshi a ido, mu ma muna ɗaura wa 'ya'yanmu irinshi, muna ce masu wanda aka kashe ɓarawo ne, don kar su tambaya.

Muna da namu labarin mutum biyu a ɓoye, maƙiyi a bakin ƙofa, kuma kowa ya san shi. Kogon Sauru, daren hijira. Masu nema sun zo har bakin kogon, Sayyidina Abubakar yana ganin ƙafafunsu, tsoro ya kama shi, ya kuma furta tsoron a lokacin da ko numfashi haɗari ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ɗauke shi a matsayin barazana ba. Lallashinsa ya yi, ya tuna mashi wanda ke tare da su. Suratut Tauba aya ta 40 ta ajiye mana wannan. Ban kawo shi don in ce kowa zai iya ba. Na kawo shi ne don finafinan nan duka hanya biyu suka nuna: ko dai abokin ɓuyanka ba ya tsoro sam, ko kuwa ya zama matsalar da za a kawar. Ba wanda ya nuna mutum yana ɗaukar tsoron ɗan'uwanshi ya haɗa da nashi. Amma matan ƙauyukanmu suna yin haka. Wadda ta lafe a cikin dawa da jaririn kishiyarta ko na maƙwabciya, ta sa mashi nono a baki don kar ya yi kuka, ba a shirya mata fim ba.

Da mako ya cika mutumin ya dawo. Ga abin da na ce mashi, kuma ba fatawa ce ga kowa da kowa ba, don kowane dare da yadda ya zo.

Na ce, ba kai ka kashe shi ba. Waɗanda suka ɗauke shi suka riƙe shi a daji har ya mutu, jininshi na wuyansu. Kai ba ka ɗauki makami ba, ba ka yi nufin mutuwarshi ba, tilascin da aka yi maka kuma na gaske ne, ba na baki ba. Tsakaninka da infoman da ke zaune a shagon caji yana ƙirga wa ya saida me, a ba shi kasonshi bayan an karɓi fansa, akwai nisan sama da ƙasa. Shi wannan abokin tarayya ne, malaman Malikiyya ma sun yi maganar mai nunin da ba don shi ba da ba a kai ga wanda aka kashe ba, suka kwatanta shi da wanda ya riƙe mutum don a kashe shi.

Sai na ga ya saki ajiyar zuciya, na ce tsaya, ban gama ba. Ba zan ce maka ba komai ba, don kai kanka ba za ka yarda ba, in da ba komai da ba ka tsaya gyaran takalmi ba. Malamai irin su Imam Nawawi sun ce idan azzalumi ya tambaye ka inda wanda yake nema ya ɓuya, ƙarya a nan wajibi ce. Abin da ya fi shi ne ka ce ba ka sani ba, ko ka ce ya kwana a wani gari. Mai yiwuwa da sun harbe ka. Mai yiwuwa kuma sun riga sun san gidan, gwada ka kawai suke. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da ka sani shi ne a wannan daƙiƙar ka ture bala'in daga ƙofarka zuwa tashi. Tsoro ya rage maka nauyin, bai mai da shi sifili ba. Ka nemi gafarar Allah, ba neman gafarar mai kisa ba, na wanda aka jarraba ya gaza kai wa matakin da ya fi. Sannan akwai marayu.

Ya ce tun bara duk abin da ya samo a leburanci sai ya raba, ya aika wa matar mamacin da tiya ɗaya ko biyu, tana ta sa mashi albarka tana cewa ba ta taɓa ganin maƙwabci irinshi ba. Ya ce, “Malam, albarkar nan ita ke hana ni barci.”

Nan ya yi tambayar da ta fi ta farko wuya: ya gaya masu?

Haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an nemi yafiyar mai shi, wannan kowane ɗalibi ya sani. Amma kuma na san garin da muke ciki. Kalmar infoma in ta fita daga bakin mutum ɗaya, kafin la'asar ta zama hukuncin kisa, ba mai tsayawa ya tambaya ko da bindiga a ƙeya aka yi nunin. In na ce ya tashi ya faɗa a bainar jama'a, na tura shi ga halaka, na kuma jefa ɗan mamacin cikin jarrabawar da ta fi ƙarfin shekarunshi. In na ce ya yi shiru har abada, na zama mai shirya fim ɗin 1953, na goge wurin da ba a son gani. Na ce kar ya gaya wa yaron, kar ya gaya wa matar yanzu. Na tambaye shi ko mamacin yana da wani babba a dangi mai riƙe magana. Ya ce akwai yayanshi, dattijo ne, ya yi aikin hajji, ba ya da hayaniya.

Ya roƙe ni in raka shi wurin dattijon bayan an gama girbi, lokacin da hankali ya ɗan kwanta. Na ce to. Gero ya riga ya fara shigowa kasuwa, kuma har yanzu ban samo kalmar da zan buɗe zancen da ita ba bayan gaisuwa.